Muhawara: Yaya ake ba na gaba shawara da Turanci ba tare da ta zama umarni ba?

Ɗalibin NCE, Gumel:
Assalamu alaikum iyayena da malamaina na wannan zaure. Ina da tambaya a kan Turancin baka, kuma ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla. Ina koyon aikin koyarwa a wata ƙaramar sakandare da ke ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari, kuma da Turanci ake yin taron malamai saboda akwai masu bautar ƙasa da ba sa jin Hausa. An sa darasin ƙari na 'yan aji uku ranar Alhamis da yamma, alhali kuwa ranar ce kasuwar Maigatari take ci, yara da yawa suna raka iyayensu da awaki da tumaki, ajin sai ya zama wayam. Ina son in ba da shawarar a mayar da darasin Laraba. Abin da yake zo mini a baki shi ne "You should change the day" ko "We must change the day", amma hankalina bai kwanta da su ba, domin da Hausa ba zan taɓa duban shugaban makaranta in ce masa dole ya sauya rana ba. Mene ne daidai?

Malamin Turanci, Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗana, rashin kwanciyar hankalin naka yana kan hanya. Jimlolin biyu ba su da aibi ta fuskar nahawu, amma "must" tilastawa ce, "should" kuma nasiha ce irin wadda babba yake yi wa ƙarami ko aboki yake yi wa abokinsa. Idan ɗan koyo ya faɗa wa shugaba ita a gaban jama'a, za a ji kamar yana koya masa aikinsa ne.

Abin da nake gaya wa ɗalibaina kullum shi ne kada su ɗauka ladabi wani sabon ilimi ne da sai Bature ya koya musu. Ka duba yadda za ka faɗi maganar da Hausa. Cewa za ka yi, "Ranka ya daɗe, ko za a duba yiwuwar mayar da darasin nan Laraba?" ko kuwa "Da za a ɗan matsar da shi zuwa Laraba, ina ganin da yaran sun fi zuwa." Ba tare da ka lura ba ka mayar da maganar tambaya, ka cire "kai" ka sa "a" don kada yatsa ya nuna kowa, sannan ka kawo "da" wadda take janye maganar daga wannan lokaci ta mayar da ita abin da ake fata. Turanci ma haka yake yi, kayan aikin ne suka bambanta. Tambayarsa ita ce "Could we move the lesson to Wednesday?" A gurbin "a" ɗinmu yakan fake da "we", ko kuma ya juya jimlar yadda mai aikin ba zai fito ba, kamar "Perhaps the lesson could be moved to Wednesday." Janyewar kuma da sigar abin da ya wuce yake yin ta, shi ya sa "could" ta fi "can" laushi, "would" ta fi "will", "might" ta fi "may". Wanda ya ce "I was wondering if we could move it to Wednesday" ba labarin jiya yake bayarwa ba. Yanzu yake tunanin, ja da baya ya yi don ya bar wa shugaba fili ya amsa ko ya ƙi ba tare da kowa ya ji kunya ba.

Ɗalibin NCE, Gumel:
Na gode Malam, Allah ya ƙara ilimi. A littafin da muka karanta an ce "Why don't you" ita ce hanyar ba da shawara. Zan iya cewa "Why don't you move it to Wednesday, sir?"

Malama mai koyar da Turanci, Bichi:
Da izinin Malam na Ringim zan amsa wannan. Littafin bai yi ƙarya ba, amma bai gaya maka wa ake faɗa wa ba. "Why don't we" daidai take da "me zai hana mu", kuma tana da daɗin ji tsakanin tsara. "Why don't you" kuwa ta dogara kacokan a kan murya. Idan aka faɗe ta da sauƙi shawara ce, idan aka danna "why" da ƙarfi sai ta koma tuhuma, wato me ya hana ka yi. Mu kuma da muka taso da harshe mai karin sauti, mukan danna kalmar farko ba da nufi ba. Saboda haka ka bar ta wa abokan aikinka masu bautar ƙasa, tare da "How about Wednesday?" da "What if we try Wednesday?" da "Let's try Wednesday." Kada kuma ka zame ka ce "Why didn't you", domin wannan ba shawara a cikinta ko kaɗan, zargi ne a kan abin da ya riga ya wuce.

Akwai wadda ta fi wannan haɗari, kuma ina yawan jin ta a bakin yaranmu: "You had better". Suna fassara ta da "gara ka", suna zaton taushi ne da ita saboda kalmar "better". Alhali gargaɗi ne mai ɗauke da barazana, ma'anarta ka yi kaza, in ba haka ba za ka gani. Uwa za ta iya faɗa wa ɗanta, ɗan sanda zai iya faɗa wa direba, amma ɗalibi ba ya faɗa wa malaminsa.

Sai kalmar "suggest" ita kanta, wadda kusan kowa yake tuntuɓe da ita. Ba a cewa "I suggest you to move it". Ana cewa "I suggest moving it" ko "I suggest that we move it". Idan mutum ɗaya ake magana a kansa, Amurkawa sukan ce "I suggest that he go", mutanen Ingila kuma sukan ce "I suggest that he should go", duka biyun karɓaɓɓu ne. Haka nan bayan "How about" aikatau da "ing" yake zuwa: "How about meeting on Wednesday?" A wurin taro irin naka, "May I suggest that we move it to Wednesday?" ta fi "I suggest" tsirara, domin ka nemi izini kafin ka ba da shawarar.

Alhaji mai harkar riɗi, Dawakin Tofa:
Malamai, ku gafarce ni, ni ba ɗan boko ba ne sosai, a kasuwar Dawanau na koyi yawancin Turancina. Ina jin tsoron kada ku ruɗa yaron nan da yawan kwana-kwana. Masu sayen riɗi da zoɓo a wurinmu akwai 'yan Indiya, akwai 'yan Sin, akwai Kwarori, akwai 'yan'uwanmu na kudu, kuma mafi yawansu su ma koyon Turancin suka yi kamar mu. Idan na ce wa mutum "I was wondering if we could perhaps weigh it again", kallona zai yi bai san ko na yarda da awon ba ko ban yarda ba. Idan kuwa na ce "Please, let us weigh it again", nan take an ɗora buhu a kan sikeli, kuma ba wanda ya ji an raina shi. A ganina "please" da sakin fuska sun wadatar. Ai an ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Malamin Turanci, Ringim:
Alhaji, maganarka tana da ƙarfi a inda ka faɗe ta. Kai da mai saye kuna tsaye ne kafaɗa da kafaɗa, kowa yana neman ribarsa, kuma sake awo haƙƙinka ne. Yaron nan kuwa shi ne mafi ƙanƙanta a ɗakin, yana son a warware abin da shugaba ya riga ya yanke. Sannan zan ɗan saɓa maka a kan "please". Idan aka manna ta a gaban umarni, umarnin yana nan, ado kawai aka yi masa. "Please change the day" roƙo ne ko umarni mai ladabi, ba shawara ba ce. Bambancin yana da muhimmanci, domin mai roƙo yana cewa a yi masa, mai shawara kuma yana cewa ga abin da yake ganin zai amfani kowa. Idan ɗalibin nan ya yi roƙo, shugaba zai iya zaton shi ne yake son zuwa kasuwa ranar Alhamis.

Alhaji mai harkar riɗi, Dawakin Tofa:
To Malam, na yarda da wannan ta ƙarshen. Amma ban janye ba a kan cewa mai yawan lanƙwasa magana yakan tashi taro ba a san abin da ya nema ba.

Ma'aikaciyar jinya, Birnin Kudu:
Ina goyon bayan Alhaji a rabin maganarsa. A aikinmu akwai wurin da laushi yake zama cutarwa. Idan zan gaya wa wanda ba ya jin Hausa yadda zai sha maganin zazzaɓin cizon sauro, ba zan ce "You might want to finish the tablets" ba, cewa zan yi "You must finish all the tablets", domin ba zaɓi nake ba shi ba. Amma idan likita ya rubuta magani na ga kamar bai lura da nauyin yaron ba, a nan sai in ce "Doctor, would it be possible to check the dose again?" ko "Should we check his weight first?" Na faɗi abin da zai kare maras lafiya, kuma likitan bai ji an tozarta shi a gaban iyayen yaro ba.

Abin da nake son a ƙara shi ne, koyon wannan ba don faɗa kaɗai ba ne, har da fahimta. 'Yan'uwanmu masu aikin jinya da suke zana jarrabawar gwajin Turanci ta IELTS ko OET don aiki a Ingila suna cin karo da wannan. Idan shugabar sashe a can ta ce "You might want to rewrite this report", ba ra'ayinka take nema ba, cewa take ka sake rubutawa. Wanda ya ɗauki kalmomin a zahirinsu zai ce ai ba na so, ya ci gaba da harkarsa. Haka "Would you mind closing the door?" Idan ka yarda, amsar ita ce "No, not at all", domin tambayar ita ce ko zai dame ka. Da yawa daga cikinmu "Yes" muke cewa muna nufin to, alhali a zahiri mun ce zai dame mu.

Tsohon hedimasta, Gwaram:
Na karanta duk abin da kuka rubuta, kuma madalla da ku. Amma duk kun tsaya a kan jimla, kun manta da abin da yake zuwa kafin jimla. Ɗana na Gumel, na daɗe ina shugabantar taron malamai, kuma ina gaya maka cewa ko da ka zo da Turancin da ya fi na kowa santsi, idan a gaban masu bautar ƙasa shugaba ya fara jin shawarar, da wuya ya karɓa a ranar. Ka same shi a ofis tun da safe, ka gaishe shi yadda ya kamata, ka tambayi gida da iyali, sannan ka faɗa masa da Hausa. Idan ya gamsu, shi da kansa zai ce ka kawo maganar a taro, ko ma ya kawo ta a matsayin tasa. Kada hakan ya dame ka, tunda yaran kake nema wa.

Idan an zo taron, kada ka fara da shawarar. Ka fara da neman izinin magana, ka yaba wa darasin ƙarin, ka faɗi abin da ka gani a rajista, sannan shawarar ta zo a ƙarshe. Mu nan Nijeriya "sir" da "ma" ba sa yawa. Na ji ana cewa a wasu ofisoshin Turai da sunan yanka ake kiran shugaba, to wannan nasu ne. A Gwaram ko Gumel wanda ya yi haka ya gama da kansa, kome kyan nahawunsa.

Malamin jami'a, ɗan Kafin Hausa:
Baba Hedimasta ya taɓo abin da masana harshe suka yi rubutu a kansa. Penelope Brown da Stephen Levinson, a nazarinsu na ladabin magana da ya fito a matsayin littafi a 1987, sun ce shawara tana cikin maganganun da suke taɓa mutuncin wanda ake faɗa wa, domin tana nuna kamar ana shiga 'yancinsa na yanke hukunci. Sun ce nauyin laushin da ake buƙata ya dogara da ikon da ɗaya yake da shi a kan ɗaya, da nisan da ke tsakaninsu, da girman abin da ake nema. Idan aka auna da wannan, Alhaji da Malam na Ringim duk suna da gaskiya, yanayinsu ne ya bambanta. An soki nazarin da cewa ya fi dacewa da al'ummomin da suke fifita 'yancin mutum ɗaya, kuma masana daga Japan da Afirka suna cikin masu sukar, domin a wurare irin namu shekaru da matsayi da idon jama'a suna gaba da wannan. Abin da Baba ya faɗa game da ofis da gaisuwa ke nan.

Zan kuma kare Turancin Nijeriya kaɗan. "Kindly" da muke yawan sawa, da "Please, sir" a farkon jimla, ba kuskure ba ne, salonmu ne, kuma duk ɗan ƙasa yana jin ladabin da ke ciki. Matsalar tana zuwa ne idan mutum bai san wata hanya ba sai ita. A kunnen mutumin Ingila "kindly" takan yi kama da wasiƙar ofis mai sanyi, wani lokaci ma da ɗan fushi a ciki. Haka "You are supposed to", wadda muke faɗa muna nufin ya kamata, su suna jin ta a matsayin tuni ga wanda ya kasa yin aikinsa. Shi kuma "Shall we" an fi jin sa a Ingila, Amurkawa sun fi cewa "Should we" ko "Do you want to". Ɗalibi ya san na gida, ya san na waje, ya zaɓa gwargwadon wanda ke gabansa.

Malama mai koyar da Turanci, Bichi:
Dakta, tushen matsalar a ajinmu yake. Jarrabawar WAEC da NECO suna da ɓangaren Turancin baka, amma a kan takarda ake amsa shi, ana zaɓen harafi a kan wasula da baƙaƙe da wurin danna murya. Yaro zai iya samun kiredit bai taɓa buɗe baki ya ba wani shawara da Turanci ba. Turancin da yake ji daga malami tun firamare kuma kusan duk umarni ne, tashi, zauna, yi shiru, buɗe littafi. To da me zai yi koyi? Abin da ya ji shi zai mayar, sai a ce ba shi da kunya, alhali a gidansu ba ya iya haɗa ido da yayansa.

Abin da nake yi a ajina ba ya buƙatar wutar lantarki ko littafi. Nakan raba yara uku-uku in ba su matsala daga rayuwarsu, misali famfon unguwa ya lalace, ko akuyar maƙwabci tana shiga gonar gyaɗa. Sai kowa ya faɗi shawara ɗaya sau uku: ga abokinsa, ga yayansa, ga mai unguwa. Da Hausa suke fara yi, kuma ba na gyara musu kome domin sun fi ni iyawa. Sannan mu nemi takwarar kowace a Turanci. Ga aboki "Let's tie the goat", ga yaya "Maybe we could tie the goat", ga mai unguwa "Sir, would it be possible to ask him to tie the goat?" Ranar da suka gane cewa "ko", da "dai", da "ɗan", da "mana" suna da masu yi musu aiki a Turanci, irin su "maybe" da "perhaps" da "just" da "a little", tsoron yakan ragu sosai.

Ɗalibin NCE, Gumel:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Zan bi shawarar Baba in fara samun shugaba a ofis. Ga abin da na shirya don taron, a duba mini: "Thank you, sir. The extra lesson is helping the students. But I noticed that many of them are absent on Thursdays because of the market. I was wondering if maybe we could perhaps possibly move it to Wednesday, if you don't mind, sir."

Alhaji mai harkar riɗi, Dawakin Tofa:
Kun ga abin da nake gudu ko? Ni da nake karantawa na gaji kafin in kai Laraba.

Malamin Turanci, Ringim:
Alhaji ya yi nasara a wannan karon. Ɗana, farkon ya yi kyau ƙwarai, ka yaba, ka kawo dalili. Amma a jimlar ƙarshe ka tara masu sassautawa har shida, kuma idan suka yi yawa mai sauraro yakan ɗauka kai kanka ba ka yarda da shawararka ba. Ɗaya ko biyu sun isa: "I was wondering if we could move it to Wednesday, sir." Ka kuma cire "But" ɗin nan, domin tana rushe yabon da ka yi, ka fara da "I noticed" kai tsaye. Idan kana son ka sauƙaƙa masa amincewa, ka ƙara da "We could try it for two weeks and see", domin gwaji ya fi sauyi na dindindin sauƙin karɓa.

Ka kuma shirya wa amsa. Idan ya ce "That's a good idea, but" ko "We will look into it", sau da yawa a'a ce cikin ladabi, kada ka matsa a wurin, ka ce "Thank you, sir" ka zauna. Idan wani ya kawo wata rana da ba ta yi maka ba, kada ka ce "No, that is wrong". Ka ce "I see your point, but Friday may be difficult because of the prayers", ko "I'm not sure Friday would work."

Malama mai koyar da Turanci, Bichi:
Saura murya, wadda rubutu ba ya nunawa. A "I was wondering" ka danna farkon "wondering", kada ka danna "I", domin danna "I" yana sa a ji kamar kana cewa ni ne na gano. Ka sassauta gudu idan ka zo "Wednesday", kuma ka tuna ba a furta "d" ta farko, gaɓa biyu ce, ba uku ba. Ka naɗi muryarka kana faɗin jimlolin ka turo nan zauren kafin ranar taron, ni da Malam na Ringim za mu saurara mu gaya maka inda ya kamata ka gyara.

Ɗalibin NCE, Gumel:
To Malama, zan turo da daddare in sha Allahu, idan na samu sabis, domin a ƙauyen sai an hau tudun bayan makaranta ake samu.